Na Ƙarshen Sahu

An yi wani sarki a Birnin Dargaza, sunansa Mu'allayidi, mutum mai tsoron Allah da ƙin zalunci, ko da yake, kamar yawancin masu mulki, ya fi sanin talakawansa ta bakin fadawa a kan yadda ya san su da idonsa. Ya gaji garin daga ubansa, ya kuma gaji wata al'ada daga kakansa, wadda mutanen Dargaza suke tinƙaho da ita a duk kasuwar da suka sauke kaya. Al'adar kuwa ita ce kaciyar gayya.

Asalinta, a zamanin kakan ne gari ya dare biyu, 'ya'yan sarauta ba sa haɗa kwano da 'ya'yan masu sana'a, har gaba ta kai ga zubar da jini tsakanin unguwanni. Sai kakan ya sa maƙera suka ƙera aska guda, ya raɗa mata suna Uwa-Ɗaya, ya yi doka cewa kowace shekara, idan an gama girbi sanyi ya sauka, a tara duk yaran da suka isa kaciya a yi musu rana ɗaya da wannan askar, a kwantar da su a rumfa ɗaya, a ciyar da su daga rumbun sarki har su warke. Ya kuma gindaya sharaɗi cewa daga yaron farko zuwa na ƙarshe ba a wanke askar, ba a goge ta, domin jinin ɗan sarki ya gauraya da na ɗan talaka, su tashi 'yan'uwa, kada wani ya sake kiran wani bare. Ana farawa da 'ya'yan sarauta da fitowar rana, sai na malamai, sai na fatake, a yi ta bin unguwanni har la'asar, a rufe da Unguwar Majema, wato masu jimar fata, waɗanda warin sana'arsu ya sa aka tura su can gindin ganuwa.

Kada mai karatu ya yi gaggawar raina wannan al'ada, domin alherinta ba ƙarami ba ne. Marayan da ba shi da mai kai shi wurin wanzami ya samu gata a cikinta, yaron da bai taɓa cin kaza shi kaɗai ba ya ci, kuma gabar da aka yi ta don kashewa ta mutu murus. Sai dai kusan kowace shekara, bayan kwana shida ko bakwai, akan fitar da gawa biyu ko uku daga rumfar, wani ciwonsa ya kumbura ya ruɓe, wani haƙoransa su sarƙe jikinsa ya sandare. Da yake gawawwakin duk gindin ganuwa ake nufa da su, sai a ce kwana ne ya ƙare, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Shekara sittin ana haka, ba wanda ya taɓa ganin abin ya isa a kai shi gaban sarki.

A shekarar da muke magana a kanta yara shida suka rasu. Biyar 'ya'yan majema ne. Na shidan kuwa Habibu ne, ɗan Madaki Barau, babban hakimin da ke riƙe da mayaƙan sarki. A nan ne fa aka tuna cewa mutuwa tana da sababi. Kafin a share makoki Madaki ya sa an kama Sarkin Aska Gwadabe, dattijon da ya yi shekara talatin yana riƙe da Uwa-Ɗaya, aka jefa shi kurkuku. Madaki ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamanin sarki, ba na neman ran tsohon nan, domin ransa bai kai na ɗana ba. Hannun damansa nake nema. Hannun da ya tsufa har ya fara kisa bai cancanci zama a jikin mai shi ba.”

Sarki ya dubi fadawansa ya nemi shawara. Wani ya ce ai matan majema ƙazamai ne, su ke kai wa yaran cuta idan sun je dubiya. Wani ya ce yaransu ba su da ƙwarin jiki saboda rashin cima. Wani ya rage murya ya ce unguwar ba ta rasa mayu. Duk maganganun nan suna da daɗin faɗi ga wanda bai taɓa taka unguwar ba, sai dai ba ko ɗaya da ta bayyana yadda aka yi ɗan Madaki ya shiga cikinsu.

Sai sarki ya aika aka kira alƙalin garin, Malam Zakariya'u. Shi wannan malami dattijo ne mai ƙarancin magana, ya yi karatu a ƙasashe masu nisa, ya dawo da ilimin da ya sa aka manta da asalinsa, ko kuma aka yi kamar an manta. Ɗan majemi ne, a gindin ganuwa aka binne cibiyarsa.

Sarki ya ce masa, “Malam, ga wata mas'ala da ta gagari fadata. Hannu ɗaya ne ya yi wa yaran nan aiki, da aska ɗaya, a rana ɗaya, aka barbaɗa musu garin bagaruwa daga ƙwarya ɗaya, suka ci daga tukunya ɗaya. Kakana bai bar ƙofar bambanci ko ɗaya ba. To, me ya sa mutuwa take zaɓe? Idan sakacin Gwadabe ne, shari'a ta ɗora masa lamuni, kuma Madaki zai samu abin da ya nema. Idan ba shi ba ne, ka nuna mini mai laifin. Na ba ka kwana bakwai, ranar ta takwas ko dai ka zo da hujja, ko a fitar da hannun.”

Alƙali ya ce, “Na ji, na kuma karɓa, ranka ya daɗe. Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon binta.”

Ya fito fada zuciyarsa a cunkushe, domin akwai abin da sarki bai sani ba. Shekara hamsin da suka wuce shi da yayansa Tanimu sun tsaya a wannan sahu, su ne biyun ƙarshe. Da aka zo kansu Zakariya'u yana ta makyarkyata, sai Tanimu ya tura shi gaba, ya ce, “Je ka a yi maka ka huta, ni na iya jira.” Ranar ta takwas Tanimu ya rasu, uwarsu tana ƙoƙarin ɗura masa kunu ta tsakanin haƙoran da suka ƙi buɗuwa. Wanda ya yi musu kaciyar kuwa uban Gwadabe ne. Malam ya yi shekara hamsin yana gaya wa kansa cewa ajali ne, kuma ajalin ne, amma bai taɓa iya haɗa ido da wanzaman gidan nan ba tare da ya ji haushinsu ba. Yanzu ga hannun ɗansu an ɗora masa a tafin hannu, kuma ya san idan ya yi shiru kawai kwana bakwai, ba wanda zai zarge shi. Ya ji tsoron kansa ƙwarai a wannan rana.

Washegari da hantsi ya tafi kurkuku. Ya tarar da Gwadabe zaune a ƙasa, ya ɗora hannun daman a cinya yana kallonsa kamar mai sallama da baƙo. Bayan sun gaisa alƙali ya ce, “Sarkin Aska, miƙo hannunka.” Ya miƙa. Malam ya ɗora masa ƙoƙon ruwa cike fal a bayan hannun, ya bar shi har tsawon karatun wata gajerar sura, ko ɗigo bai zuba ba.

Ya ce, “Hannun nan bai tsufa ba. Gaya mini, ban da ranar gayya, yara nawa ka yi wa kaciya a ƙauyuka?”

Gwadabe ya ce, “Allah gafarta malam, ba za su ƙirgu ba.”

“Nawa suka mutu?”

Tsohon ya ce, “Ɗaya, shi ma jini ne ya ƙi tsaya masa, haka 'yan gidansu suke.”

“To me kake yi a ƙauye da ba ka yi a birni?”

Gwadabe ya sunkuyar da kai, ya ce, “Malam, a ƙauye askata ce, ina sa ta a wuta kafin in taɓa yaro, haka kawuna ya koya mini, ban tambaye shi dalili ba. A birni kuwa askar sarki ce. Wane ni in ce abin da kakan sarki ya kafa yana da aibu? Na haɗiye abin a cikina shekara talatin. In an yanke hannun ma ban ce an zalunce ni duka ba.” Alƙali ya tambaye shi ko ya taɓa gwada wanke ta, sai Gwadabe ya kau da kai ya ce shi ba zai ƙara wa mai makoki wani makokin ba.

Malam ya fita da zato mai ƙarfi, amma ya san zato ba ya tsayawa a gaban shari'a. Sai ya nufi gidan Madaki, ya nemi a haɗa shi da tsohuwar da ta reni Habibu. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya yi mata tambayar da ba wanda ya yi tunanin yi, ya ce, “Iya, da wane lokaci aka yi wa yaron nan kaciya?”

Tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce, “Wayyo malam, ai da safe ya kamata, shi ne na huɗu a sahu. Tsoro ya kama shi, ya gudu ya shige rumbun gero, aka yi ta nema har rana ta karkata. Da aka zaƙulo shi ubansa ya hasala, ya ce tunda ya ba shi kunya a kai shi a yi masa tare da 'ya'yan majema. Bayan la'asar aka yi masa, saura yara uku a gama.”

Malam ya yi mata godiya, ya kama hanyar da ya daɗe bai bi ba, har warin jima ya tare shi tun kafin ya ga bukkokin unguwarsu. Ya bi gidajen makoki huɗu, ko'ina amsar ɗaya ce, bayan la'asar. Gida na biyar na Nomau ne, abokin wasansa na ƙuruciya, wanda ya rasa ɗan autansa. Ya same shi a bakin ramin jima yana kankare fatar akuya, don talaka ko yana makoki sai ya nemi abin sa wa a baki.

Nomau ya ajiye wuƙa zai durƙusa, malam ya riƙe shi ya ce, “Haba Nomau, ni ne fa Zakari.” Suka zauna a kan turmi. Suna cikin magana malam ya lura Nomau ya gama da fata ɗaya, ya tsoma wuƙar a toka ya dirje ta, ya ɗauraye, kafin ya jawo wata. Malam ya ce masa, “Me ya sa ka wanke ta?”

Nomau ya ce, “Kai ma ka sani, karatu bai mantar da kai wannan ba. In ka kankare fatar da ta fara lalacewa, ka sa wuƙar a kan mai kyau, ita ma ta tafi. Ko yaron da ya fara koyo jiya ba zai yi wannan ganganci ba.”

Malam ya tsura masa ido. Nomau ya dubi wuƙar, ya dubi malam, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Zakari, ni ne. Wallahi ni ne. Da aka zo kan yaranmu na ga Gwadabe ya faki ido ya miƙa askar wajen kaskon ruwa, sai na yi tsalle na damƙe masa hannu. Na ce, ‘Don an zo kan 'ya'yan majema za ka wanke jinin sarauta? Abu ɗaya da muke da shi a garin nan shi za ka hana mu?’ Mutanenmu suka taso masa, ya fasa. Ɗana ne na biyu bayan haka.” Ya kifa kai a gwiwa yana kuka irin na manya, wanda ba ya fita da ƙara.

Malam ya dafa shi, shi ma hawaye na bin gemunsa. Ya ce, “Ba kai ka kashe shi ba, Nomau. Gata ka nema masa, irin wanda aka koya mana tun muna yara cewa shi ne gata. Ba zan ambaci sunanka a fada ba.” A wannan zama ne ƙullin da ya riƙe wa gidan wanzamai shekara hamsin ya kwance, domin ya gane cewa da a ce ubansu ya ga an nufi ruwa da askar a ranar Tanimu, shi ma da ya riƙe hannun.

Ranar ta takwas fada ta cika maƙil. Aka kawo Gwadabe cikin mari, Madaki na zaune fuska a murtuke, mutanen gindin ganuwa sun tsaya can baya inda suka saba tsayawa. Alƙali ya nemi a kawo Uwa-Ɗaya, aka fito da ita daga zabirarta aka ajiye a kan buzu. Sai ya ce, “Allah ya ba sarki nasara, ina neman izinin in yi wa manyan fada tambaya, har da sarki kansa in ya yarda.” Sarki ya ba shi izini.

Ya ce, “Dukanmu nan wannan aska ce ta yi mana kaciya. Ranka ya daɗe, ranar da aka yi maka, yaya ka gan ta?”

Sarki ya ce, “Fara ƙal, tana ɗaukar ido. Ni ne na farko a shekararmu.”

Ya tambayi Waziri, ya ce fara. Ya tambayi Madaki, ya ce fara, ya kuma ƙara da cewa bai ga abin da launin aska zai yi da jinin ɗansa ba. Aka bi hakimai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce fara.

Alƙali ya ce, “Ni kuwa baƙa na gan ta. Na gan ta jini ya bushe a kanta ya yi ɓawo, wani ya hau kan wani, ƙudaje suna binta daga hannu zuwa ramin da jini ke zuba. Sarki ya ce aska ɗaya ce ta yi wa kowa aiki, kuma a ƙarfe haka ne. Amma wadda ta taɓa yaron farko tsarkakakkiya ce, wadda ta taɓa na ƙarshe kuwa ta ratsa jiki ɗari da hamsin, ta kwaso abin da ke cikin kowanne, na mai lafiya da na mai ciwo, ta wuni a rana da ƙura. Fadar nan ba ta taɓa sanin haka ba, domin duk wanda ke da bakin magana a cikinta da safe aka yi masa. Yaran nan shida ba unguwa ce ta haɗa su ba, ba cima ba, ba maita ba. Lokaci ne ya haɗa su, dukansu bayan la'asar aka yi musu. Habibu, Allah ya jiƙansa, da an yi masa a gurbinsa na huɗu, da a iya saninmu yau yana cikin masu warkewa.”

Madaki ya zabura zai yi magana, sai ya tuna bakin da ya ce a kai yaron ƙarshen sahu. Ya koma ya zauna a hankali, ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

Waziri ya ce, “Malam, wannan magana ce mai nauyi, tana taɓa abin da magabata suka kafa. Ajali kuma na Allah ne. Ina hujjar da ta wuce lissafin lokaci?”

Alƙali ya ce, “Ajali na Allah ne, ba musu, amma sababi a hannunmu yake, kuma a kansa za a tambaye mu. Hujja kuwa, ba ni zan kawo ta ba, sarki ne zai kawo.” Ya juya ya fuskanci karaga, ya ce, “Ranka ya daɗe, baɗi Yarima zai isa kaciya. Idan askar safe da ta la'asar ɗaya ce, ina roƙon a sa shi a ƙarshen sahu, bayan ɗan majemi na ƙarshe, ba a wanke ba, ba a goge ba, yadda doka ta ce. In sarki ya amince da haka da zuciya ɗaya, to ni ne na yi kuskure, a yanke hannun Gwadabe, a haɗa da rawanina.”

Sarki ya dubi askar da ke kan buzu, ya daɗe yana dubanta, har aka ga gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi. Daga bisani ya ce, “Malam, zuciyata ta ba ka amsa kafin harshena ya motsa. Ba zan iya ba. Kuma abin da ba zan iya yi wa ɗana ba, shekara ashirin ina yi wa 'ya'yan mutane, ina kuma karɓar godiyarsu a kai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Sai aka ji murya daga can baya. Nomau ne ya ratso jama'a ya zube, ya ce, “Zaki, malam ya rufa mini asiri, amma ba zan bar tsoho ya rasa hannu ina tsaye ba. Ya so ya wanke ta, ni na hana. In hannu za a yanke, ga nawa.”

Madaki ya sauke rawani daga fuskarsa, ya dubi majemin nan da bai taɓa sanin sunansa ba, ya ce da murya a dushe, “Tashi, bawan Allah. In an fara yankan hannu yau, nawa ne na farko. Na janye ƙarata.”

Sarki ya sa aka kwance wa Gwadabe mari nan take. Sannan ya ce, “To malam, ka nuna mana ciwon, saura magani. In na soke kaciyar gayya, marayu za su koma hannun duk wanda ya ɗauki aska, gabar da kakana ya binne kuma ta tono kanta. In na bar ta, na ci gaba da kisa da sanina. In na ce a wanke askar, mutanen gindin ganuwa za su ce na raba su da 'yan'uwantakar da aka ba su. Ina mafita?”

Alƙali ya ce, “Allah ya ƙara wa sarki basira. Kakanka zumunci ya nufa, jini alama ce kawai ya sa masa, kuma alama in ta fara cin abin da aka kafa ta dominsa, sai a sauya ta a riƙe manufar. A kai Uwa-Ɗaya maƙera a narka ta, a haɗa da sabon ƙarfe, a fitar da aska goma sha biyu, kowacce da rabonta na tsohuwar, don kada wani yaro ya ce ba Uwa-Ɗaya ce ta taɓa shi ba. A ba wanzamai goma sha biyu waɗanda Gwadabe ya yarda da hannunsu, a gama aikin kafin rana ta yi zafi. A hura wuta kusa da kowane wanzami, aska ta shiga wuta ta huce tsakanin yaro da yaro, a wanke hannu da ruwan da aka tafasa, kowane yaro da tsumman da ba a taɓa sa wa wani ba. Rumfa ta zauna ɗaya, tukunya ta zauna ɗaya, a nan ne zumuncin yake. Sai abu na ƙarshe, wanda in babu shi sauran duk za su sakwarkwace cikin 'yan shekaru, domin ɗan Adam mai gajiya ne. A juya sahun. A fara daga gindin ganuwa, a rufe da ɗan mafi girman mutum a garin. Muddin ɗan sarki ne na ƙarshe, ba wanzamin da zai yi ƙyuyar sa aska a wuta, ba bafaden da zai bar itace ya ƙare.”

Sarki ya ce, “An yi haka, kuma Yarima ne zai fara zama na ƙarshe.” Ya tuɓe alkyabbar da ke jikinsa ya yafa wa alƙali da hannunsa, ya ba shi gona da ingarma, ya ce daga yau ba a yanke wata shawara da ta shafi lafiyar jama'a sai yana wurin. Sannan ya ce ya roƙi abin da yake so bayan wannan.

Malam ya ce, “Abu ɗaya ne, ranka ya daɗe. A bar ni kowace shekara in tsaya kusa da yaron ƙarshe har a gama masa. Akwai wanda ya taɓa tsayawa a wurin domin ni, ban samu na rama masa ba.”

Da shekara ta kewayo aka yi kamar yadda aka tsara. Tun kafin hantsi ya dubi ludayi an gama da kowa, saura Yarima, yana tsaye yana rawar ɗari da ta tsoro, sarki kuma yana zaune idonsa a kan wutar Gwadabe, bai ko ƙifta ba har askar ta yi ja ta huce. Alƙali ya riƙe hannun yaron, ya ce masa a hankali, “Ka yi haƙuri, ka iya jira.” Bayan mako uku aka buɗe rumfa, yara ɗari da sittin da ɗaya suka shiga, ɗari da sittin da ɗaya suka fito da ƙafafunsu. A ranar ne malam ya je maƙabartar gindin ganuwa, ya daɗe a kan wani ɗan ƙaramin kabari da ya kusa shafewa.

Wannan shi ne abin da ya auku a Birnin Dargaza, kuma masu hankali su yi tunani a kansa. Kyakkyawar niyya ba ta wadatar da mai mulki, kuma raba abu daidai ba ya zama adalci sai an duba yadda ya isa hannun wanda ya karɓa a ƙarshe. Duk shugaban da ke son ya san ko ya yi wa jama'arsa adalci, kada ya tambayi na gaban sahu. Ya taka da ƙafarsa zuwa inda na ƙarshe yake tsaye, ya tambayi kansa ko zai yarda ya tsayar da ɗansa a wurin.